Yadda Ake Zaɓar Hanyar Rubuta Tarihin Atisayen Keke a Legas

Duk wanda ya fara hawan keke don motsa jiki ko don shirin tsere, bayan wata biyu ko uku sai tambaya ɗaya ta fara damunsa: shin gaba nake yi, ko wahala kawai nake sha? Ƙwaƙwalwa ba ta iya amsa wannan. Tana riƙe ranar da ka tsere wa abokai a hanyar Epe, amma ta manta makonni ukun da ka yi kana fita da ciwon gwiwa. Rubutu ne kaɗai ke amsawa, kuma ba kowane irin rubutu ba.

Ɗan'uwa, abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, a garin nan kilomita da gudu suna ruɗi. Gosulo, danja, ramuka, ruwan da ya kwanta a titi da danfon da zai tsaya a gabanka babu sigina, kowannensu yana taɓa lambar da waya za ta nuna maka. Abin da ba ya ruɗi shi ne minti nawa ka yi kana taka feda, da irin wahalar da jikinka ya sha. Hanyar da ta dace da kai ita ce wadda ke riƙe waɗannan biyun, kuma za ka iya cika ta cikin minti biyu kafin ka shiga wanka.

Kayan da za ka tanada

Na dole:

- Littafin rubutu mai kaurin bango, irin mai warƙa 80. Ƙaramin littafi mai laushin bango ba ya kai wata shida a ɗakin da ke da danshi.
- Biro na gama-gari da rula. Ka guji alƙalami mai tawadar ruwa, ɗigon zufa ɗaya ke wanke layi guda.
- Agogo mai nuna daƙiƙa, ko agogon waya.
- Tef na kafinta da alli.
- Leda mai zif, don waya ko littafi lokacin damina.

Na in da hali:

- Wayar Android ko iPhone mai GPS.
- Ƙaramar mitar kan keke, mai maganaɗisu ko mai GPS.
- Ɗamarar ƙirji mai auna bugun zuciya.
- Sikelin awon mutum. In ba ka da shi, yawancin kemis suna da shi, sai dai ka riƙa hawa guda ɗaya kullum domin sikeli da sikeli suna saɓawa.
- Fawabank, saboda ranar da aka kwana babu wuta.

Kada rashin kayan rukuni na biyu ya hana ka farawa. Littafi, biro da agogo sun isa mutum ya yi shekara yana atisaye mai tsari.

Mataki na 1: Rubuta abin da kake nema a shafin farko

Jimla ɗaya ta isa, amma ta zama mai lamba da lokaci. Misali: "Ina so in iya tuƙa kilomita 80 ba tare da na galabaita ba kafin azumi." Ko: "Ina so in rage kilo 5 cikin wata huɗu." Ko: "Ina so in daina yankewa daga ayari ranar Asabar." Wannan jimlar ce za ta nuna maka abin da ya kamata ka riƙa rubutawa. Mai neman nisa, jimillar mintunan mako da doguwar fitarsa yake bi. Mai rage ƙiba yana buƙatar sikeli da yawan fita. Mai shirin tsere kuwa yana buƙatar gwaji na wata-wata da lissafin ranakun wahala da na hutu.

Mataki na 2: Auna hanyoyi huɗu da halin da kake ciki

Littafi da biro. Ba ya neman caji, ba ya neman data, ɓarawon waya ba ya kallonsa. Kuma mutum ya fi faɗin gaskiya a takardar da ya san babu mai gani sai shi. Aibinsa biyu ne: kai za ka riƙa tara lissafi da hannu, kuma in ya ɓace ko ruwa ya ci shi, shi ke nan. Ya dace da mai fita sau biyu zuwa huɗu a mako, da mai ƙaramar waya, da wanda wayarsa ita ce shagonsa, ba zai yarda ya ƙarar da cajinta a kan hanya ba.

Jadawali a waya ko kwamfuta, wato Google Sheets ko Excel. Littafi ne dai, amma mai yi maka lissafi. Yana tara makin mako da kansa (yadda ake fitar da maki yana Mataki na 5), yana zana maka hoton hawa da saukar atisayenka, kuma Google Sheets yana ajiye komai a intanet, ko wayar ta faɗa kwata bayananka na nan. Sai dai cika ƙananan gidaje a fuskar waya da jiƙaƙƙen yatsa abin gajiya ne, shi ya sa da yawa ke farawa da zafi su watsar a mako na uku. In aikinka na ofis ne, kana gaban kwamfuta kullum, wannan taka ce.

Manhajar waya mai GPS. Strava ce aka fi amfani da ita tsakanin mahaya, kuma ɓangarenta na kyauta ya isa: tana ɗaukar hanya, lokaci, nisa da gudu, tana da wurin saka makin wahala daga 1 zuwa 10 da wurin rubuta bayanin da kai kaɗai ke gani. GPS ba ya cin data. Data sai lokacin tura tafiyar bayan ka dawo. Haɗarinta shi ne tana mayar da kundin atisaye dandalin nuna bajinta. Da zarar mutum ya san abokai za su ga gudunsa, ranar da ya kamata ya tafi a hankali sai ya taka da ƙarfi don kada a raina shi. Wannan ya lalata atisayen mutane da dama, kuma ba laifin manhajar ba ne.

Mitar kan keke. Mai maganaɗisu tana da araha, batirinta ɗan faifai ne da ke kai wajen shekara, tana ba ka lokaci, nisa da gudu, amma ba ta ajiye tarihin kowace rana, dole ka kwafe a littafi. Mai GPS, irin su Garmin, Wahoo da Bryton, tana tura komai zuwa manhaja da kanta, cajinta ya fi na waya daɗewa, tana jure ruwa, kuma tana barin wayarka a ɓoye cikin aljihu. Kuɗinta ne matsalar. Sabon mahayi bai kamata ya fara da ita ba. Hular kwano, fitila da tayoyi masu kyau sun fi ta muhimmanci.

Ra'ayina a fili: ga yawancinmu, haɗa biyu ya fi. Bar na'ura, waya ce ko mita, ta ƙirga lokaci da nisa, kai kuma ka rubuta wahala, barci, ciwo da yanayi a littafi. Manyan manhajojin nazari irin su TrainingPeaks sai ga wanda ke da koci ko na'urar auna ƙarfin feda. Wanda bai cika wata uku yana rubutu a jere ba, kada ya biya kuɗin wata-wata na kowace manhaja.

In kana shakka tsakanin biyu, gwada kowacce mako biyu. Wadda ka sami giɓin kwanaki a cikinta, ajiye ta, komai burgewarta.

Mataki na 3: Saita abin awo kafin fita ta farko

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wannan aikin daren jajibiri ne.

In waya ce: shiga saitin batir ka cire manhajar daga cikin waɗanda waya ke kashewa don tanadin caji. Wayoyin Android da yawa suna rufe duk manhajar da ke aiki a ɓoye da zarar fuska ta mutu. Alamar hakan ita ce ka dawo ka ga miƙaƙƙen layi a taswira, kamar ka ratsa ta kan gidaje ko ta cikin ruwa, nisan kuma ya ragu. Ba manhajar izinin sanin wurinka, ka zaɓi na daidai-wa-daida. Kafin ka danna farawa, tsaya a fili rabin minti zuwa minti ɗaya waya ta kama tauraron ɗan'adam sosai. A cikin zaure ko ƙarƙashin gada ba ta kamawa. Kunna tsayawa-da-kai, domin lokacin da ka ɓata a danja kada ya shiga lissafi. Sannan ka sa wayar a leda, ka jefa a aljihun baya. Ɗaura waya a kan hannun keke a cunkoson Oshodi ko Mile 12 gayyato masu fizge ne, kuma jijjigar titi tana iya lalata kyamara.

In mita mai maganaɗisu ce: ita ba ta san nisa ba, juyin taya take ƙirgawa ta ninka da lambar da ka ba ta. In lambar ta karkace, komai ya karkace. Tayar 700x25 kewayenta kusan milimita 2105 ne, 700x28 kusan 2136, tayar inci 26x1.95 kuma kusan 2050. Wanda ya bar 2105 a kan tayar inci 26, a kowace kilomita 100 mitar za ta ƙara masa kusan uku na ƙarya. Abin da ya fi shi ne ka auna da kanka:

1. Yi wa tayar gaba iska yadda ka saba hawa.
2. A kan daɓen siminti mai sumul, juya taya har bawul, wato bakin da ake sa mata iska, ya zo ƙasa daidai, ka ja layi da alli.
3. Hau keken, wani ya riƙe ka, ku tafi a miƙe har bawul ya dawo ƙasa sau uku, ka ja layi na biyu.
4. Auna tsakanin layukan da milimita, ka raba uku. Wannan lambar za ka shigar.

Dalilin hawa keken lokacin awo shi ne nauyinka yana danne taya, kewayenta ya ɗan ragu. Tazarar maganaɗisu da abin da ke karanta shi kada ta wuce milimita 5. In gudu na ɓacewa yana dawowa a kan hanya, kusan kullum maganaɗisun ne ya goce bayan ka faɗa rami.

In ba waya ba mita: ari wayar wani sau ɗaya, ka auna nisan hanyoyi biyu ko uku da ka saba bi a Google Maps, ka rubuta su a bangon littafi. Daga nan agogo ya ishe ka.

Mataki na 4: Tsaga shafi

Buɗe littafi, shafi biyu masu fuskantar juna su zama mako ɗaya. A hagu ka ja layuka bakwai na kwanaki, da gidaje kamar haka: rana, hanya, minti, kilomita, wahala (lamba daga 1 zuwa 10), maki (minti a ninka da wahala), bugun safe (bugun zuciya da ka farka), awannin barci. Shafin dama ka bar shi fili don bayani. A can ƙasa ka ware layi ɗaya na jimillar mako. Ka tsaga makonni huɗu a zama ɗaya, domin ranar da ka dawo a gajiye ba za ka nemi rula ba.

Ga yadda cikakken layi yake:

Asabar. Agege zuwa Alausa, zagaye, a dawo. Minti 95. Kilomita 38. Wahala 6. Maki 570. Bugun safe 58. Barci awa 6. Bayani: an yi yayyafi, na sha ledar ruwa uku, gwiwar hagu ta fara tsami bayan awa ɗaya, jiya na ɗaga sirdi da milimita 5.

Dubi ƙarshen bayanin. Bayan mako biyu in gwiwar ta matsa, wannan ɗan guntun ne zai nuna maka inda matsalar ta faro. Duk canjin da ka yi wa keke, sirdi ne, takalmi ne, taya ce, rubuta shi da ranarsa. Ka ma auna tsayin sirdi daga tsakiyar inda feda ke juyawa zuwa samansa, ka rubuta a bangon littafi, domin makaniki na iya sauke shi wajen gyara ya manta inda yake.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne yawan gidaje. Mutum zai tsaga gida ashirin, har da na abin da ya ci da rana, ya cika kwana huɗu ya gaji. Takwas sun isa. Kuskure na biyu, barin ranar hutu babu komai. Rubuta "hutu" da dalili: na tsari ne, ruwa ne ya hana, aiki ne, ko rashin lafiya. Hutun da ka zaɓa da wanda ya zo maka dole ba ɗaya suke ba.

Mai amfani da jadawalin kwamfuta, gidajen nan dai zai yi. In minti na gidan C, wahala na gidan E, sai ya rubuta =C2*E2 a gidan maki, ya ja shi ƙasa, a ƙarshen mako ya sa =SUM(F2:F8).

Mataki na 5: Koyi ba wa wahala maki

Nan ne zuciyar aikin. Wani masanin motsa jiki a Amurka, Carl Foster, shi ya yaɗa wannan dabarar, a kan ma'aunin wahala na Gunnar Borg ɗan ƙasar Suwidin: ka ba wa fitar gaba ɗaya lamba daga 1 zuwa 10, ka ninka da mintuna. Numfashi da magana su ne ma'auninka:

- 1 zuwa 2: yawo ne, kana hira babu yankewa.
- 3 zuwa 4: numfashi ya ɗan ɗaga, amma kana kai ƙarshen magana.
- 5 zuwa 6: magana guntu-guntu, ka san kana aiki.
- 7 zuwa 8: kalma biyu ko uku ka tsaya ka ja iska.
- 9: babu magana, 'yan mintuna kawai za ka iya.
- 10: iyakar ƙarfinka.

Kada ka ba da makin kana sauka daga keke. Jira kamar rabin awa. In ka ƙare da tsere na mita 300 zuwa ƙofar gida, kana haki za ka ce 9, alhali tafiyar duka 5 ce. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce, fitar nan gaba ɗayanta yaya ta kasance?

Ga misalin mako: Talata minti 60 a wahala 4, maki 240. Alhamis minti 45 a wahala 7, maki 315. Asabar minti 120 a wahala 5, maki 600. Lahadi minti 40 a wahala 2, maki 80. Jimilla 1,235. Ka lura fitar Alhamis ta fi ta Talata gajarta amma ta fi ta nauyi, abin da lissafin kilomita ba zai taɓa nuna maka ba.

Amfanin wannan a Legas babba ne. Mai zaune a Agege ko Idi-Araba sai ya ratsa cunkoso kafin ya kai inda zai iya sakin feda. Matsakaicin gudunsa zai nuna kilomita 19 a awa, na mai zaune a bakin hanyar Lekki ya nuna 28, kuma mai yiwuwa na farkon ya fi shan wahala. Haka iska: tana yawan kaɗowa daga teku, ta kudu maso yamma, sai ka ga tafiya ta yi daɗi dawowa ta zama aiki. Maki yana haɗiye duk wannan. Lambar hawan tudu da waya ke bayarwa kuwa kada ka damu da ita. Garin shimfiɗe yake, gadoji ne yawancin tudunmu, kuma GPS na waya ba shi da kirki wajen auna tsayi.

In kana da ɗamarar ƙirji, ƙara gida ɗaya na matsakaicin bugun zuciya, amma kada ka daina ba da makin wahala. Jiƙa wurin da ke taɓa fata kafin ka ɗaura, in ba haka ba mintunan farko za ta riƙa ba da lambobin banza. Ka kuma sani zafi da ƙishirwa suna ɗaga bugu ko da ƙarfin takunka bai ƙaru ba, don haka bugun ƙarfe goma na safe ba a gwada shi da na bayan asuba.

Mataki na 6: Awo biyu na jiki

Bugun safe. Da ka farka, kafin ka tashi alwala, sa yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ka ƙirga na cikakken minti ɗaya. Yi haka kwana goma ka san lambarka ta yau da kullum. Ranar da ta haura da bugu bakwai zuwa goma, musamman kwana biyu a jere, jiki na faɗa maka wani abu: gajiya, ƙarancin barci, ko zazzaɓi na tafe. Sassauta ranar. In da ciwon kai ko zafin jiki, je a gwada jininka, kada ka ce za ka fitar da shi da zufa. Ciwon ƙirji, jiri ko bugun da ke tsalle-tsalle a kan keke kuwa ba na rubutawa a jira ba ne, na ganin likita ne.

Awon zufa. Danshin garin nan yana hana zufa bushewa, jiki ya yi ta zubar da ruwa ba tare da ya huce ba. Sau ɗaya a wata, hau sikeli kafin fita da bayan dawowa, da kaya marasa nauyi, ka goge jiki. Kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Ledar fiya-wata rabin lita ce. In ka fita da kilo 70, ka dawo da 68.8 bayan awa biyu, ka kuma sha leda biyu a hanya, ka zubar da lita 2.2 ke nan, wato 1.1 a awa. Ka yi ƙoƙari ragin kada ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyinka, wato kilo 1.4 ga mai kilo 70. Kuma kada ka rubuta wannan ragin a matsayin ƙiba ta tafi, ruwa ne, zai dawo kafin dare. Awon ƙiba na safiya ɗaya ne a mako, kafin karin kumallo.

'Yan'uwa mata su ƙara alamar kwanakin al'ada a gefen shafi, domin tana taɓa bugun safe da yadda ake jin wahala.

Mataki na 7: Ware hanyar gwaji

Tunda gudun yau da kullum ba abin dogaro ba ne, kana buƙatar wuri ɗaya da za ka riƙa gwada kanka duk mako huɗu. Nemi zagaye ko miƙaƙƙiyar hanya da za ta ɗauke ka minti 10 zuwa 20, babu danja, babu mararraba mai haɗari. Safiyar Lahadi da wuri ta fi, lokacin da layukan GRA Ikeja, wajen sakatariyar Alausa da cikin Ikoyi suke sarari. Sharaɗi shi ne komai ya zama iri ɗaya: lokaci ɗaya, keke ɗaya, iskar taya ɗaya, ɗumama jiki na minti 15, kuma jiya ba ka yi aiki mai nauyi ba. Kai kaɗai za ka yi, domin bin bayan wani yana rage maka iska sosai, sakamakon ya zama ba naka ba. Rubuta lokacin a shafi na musamman a ƙarshen littafi. In mota ta tare ka ko ruwa ya sauko, soke gwajin ka sake wani mako. Daƙiƙa goma ba su kai ka ratsa gaban tirela ba.

Mataki na 8: Zauna da littafin sau ɗaya a mako

Mai shagon da ke rubuta ciniki amma ba ya zama ya yi lissafi, bai san riba yake ci ko uwar kuɗi ba. Ware minti goma, daren Lahadi ko bayan sallar Juma'a. Tara mintuna da maki, ka duba abu uku. Na farko, jimillar ta wuce ta makon jiya da nawa? Ƙa'idar da aka saba bi ita ce ƙarin kada ya wuce kamar kashi 10 cikin 100. Daga 1,235 sai wajen 1,360, ba 1,900 ba. Na biyu, ranaku nawa ne suka kai wahala 7 ko fiye? Biyu a mako sun isa, kuma kada su zo a jere. Na uku, akwai kalmar da ke maimaituwa a shafin bayani? In "gwiwa" ko "kasala" ta fito sau uku, ta zama magana.

Bayan makonni uku na ƙari, na huɗu ka sauke zuwa kusan kashi biyu cikin uku. A lokacin hutun ne jiki ke gina abin da atisaye ya nema. In ka duba ka ga duk fitarka 6 ce, 6, 6, to ga matsalarka nan: ba ka tafiya a hankali yadda za ka huta, ba ka kuma takawa da ƙarfi yadda za ka ƙaru.

Lokacin azumi ka ja layi ka rubuta "Ramadan" a saman shafi, ka ƙara ko fitar ta bayan sahur ce, ta dab da shan ruwa, ko ta dare. Kada ka gwada makin watan da na sauran watanni, kuma ka dakatar da gwajin wata. Amfanin rubutun zai fito baɗi, lokacin da za ka buɗe ka ga wane lokaci ne jikinka ya fi ɗauka. Haka tsakiyar damina, wajen Yuni da Yuli, jimilla za ta faɗi. Rubuta dalilin ka wuce, kada ka rama kwanakin da ruwa ya cinye a cikin mako ɗaya.

Mataki na 9: Shafin keken kansa

A bayan littafi ka rubuta ranar da ka sa sabuwar sarƙa, taya, robar birki da wayar birki, da jimillar kilomita a ranar. Yashi da ruwan titi suna cin sarƙa da wuri. Duk wata ka auna ta da rula: daga ƙusa ɗaya zuwa ta 24 a gabanta, sabuwa inci 12 ce cif. In ta ƙaru da kusan milimita ɗaya da rabi, canza ta kafin ta cinye haƙoran giya, waɗanda suka fi ta tsada nesa. Rubuta kowane faci da tayar da aka yi wa. Uku a taya ɗaya cikin wata yana nufin ko tayar ta ƙare, ko akwai ɗan ƙarfe maƙale a cikinta.

Mataki na 10: Tsare sirri, tsare bayanai

Taswirar da manhaja ke nunawa tana farawa daga ƙofar gidanka, tana faɗin ƙarfe nawa kake fita, wani lokaci har da hoton keken. Kafin ka tura tafiya ta farko, shiga saitin sirri ka ɓoye farkon hanya da ƙarshenta, ka taƙaita masu gani zuwa waɗanda ka amince da su. In ba ka gane saitin ba, ka riƙa kunna manhajar sai ka yi nisa da unguwa, ka kashe ta kafin ka shigo.

Mai littafi ya ɗauki hoton kowane shafi a ƙarshen wata ya tura wa kansa ta imel. Mai manhaja ya rubuta imel da kalmar sirrin da ya yi rajista da su a wuri amintacce, domin yawancin masu rasa tarihinsu ba manhaja ce ta goge ba, waya suka canza suka kasa shiga. Sau ɗaya ko biyu a shekara ka shiga shafin manhajar ta kwamfuta ka sauke tafiye-tafiyenka. Suna zuwa a fayil irin GPX ko FIT, waɗanda sauran manhajoji ke karantawa. In za ka koma wata hanyar, bari sai ƙarshen wata, ka kwafe jimillar kowane mako da sakamakon gwaje-gwajenka zuwa sabon wurin, sannan ka riƙa cika tsohuwar da sabuwar tare na mako biyu har ka tabbatar lissafinsu ya zo ɗaya.